Firatikal ɗin kemistiri na WAEC: inda maki ke zubewa

Assalamu alaikum ƙannena 'yan ajin ƙarshe na sakandare, na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwannin Legas. Yau kan firatikal ɗin kemistiri na WAEC za mu tsaya. Awa 2 ne, maki 50, tambayoyi 3: taitireshan, gano sinadaran da ke cikin gishirin da aka ba ka, sai gajerun tambayoyi kan aikin ɗakin gwaji. Ka sani mai duba takardarka bai ga hannunka yana aiki ba, abin da ka rubuta kaɗai zai gani.

Mu fara da taitireshan, wato sakin asid a hankali cikin bes (kishiyar asid) har a gano adadin da ya kashe ƙarfinsa. Biyuret, dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa, da asid ɗin da za ka zuba ake kurkure shi. Fifet kuwa, bututun da ake auna bes da shi, da bes. Kwalbar konikal, wadda ake zuba bes ɗin a ciki, tataccen ruwa kawai. Dalili? Ruwan da ya maƙale a biyuret zai sirka asid ya rage masa ƙarfi, amma wanda ke cikin konikal ba ya canza yawan bes ɗin da ka auna. Ka cika biyuret, ka cire mazurari, ka buɗe famfon kaɗan don kumfar iska ta fita daga bakinsa. Ɗalibai da yawa a nan suke kuskure tun ba a je ko'ina ba.

Ɗigo 2 ko 3 na metil orenj, sinadarin da ke canza launi, a kan bes ɗin da ke cikin konikal sun isa. Ruwan zai yi rawaya. Sa farar takarda ƙarƙashin kwalbar, kana sakin asid kana juyawa. Da launi ya fara rawa, koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Ya zama ruwan goro, tsaya. In ya yi ja, ka wuce gona da iri, sake wani.

Wajen karantawa, idonka ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Rubuta 24.50, kada ka rubuta 24.5, kuma ka sa cm³. Za ka maimaita gwajin, kuma sakamakon da za ka ɗauki matsakaicinsu kada tazararsu ta wuce 0.20. Kuma don Allah ku rabu da lambobin da ake yaɗawa a WhatsApp ana cewa su ne amsa. Da sakamakon da malamin makarantarku ya samu, da sinadaran da aka haɗa muku, ake gwada naku. Lambar wata makaranta a Yaba ba za ta yi wa ɗan Agege amfani ba.

Tambaya ta biyu haƙuri take so. Idan an ce ka zuba NaOH, fara da ɗigo-ɗigo, rubuta abin da ka gani, sannan ka ƙara da yawa, ka sake rubutawa. Kowanne da makinsa. Laka, wato gudajin da ke fitowa a cikin ruwan, in shuɗiya ce, Cu²⁺ ne. Kore mai dauɗa, Fe²⁺. Ja mai kama da tsatsa, Fe³⁺. Mai rikita mutane ita ce fara: Zn²⁺ (zinki) da Pb²⁺ (dalma) duk farar laka suke bayarwa, duk kuma tana narkewa in NaOH ya yi yawa. Ruwan amoniya ne ke raba gardama, ta zinki tana narkewa a cikinsa, ta dalma ba ta narkewa. In iska ta fito, kada ka kafa hanci a bakin kwalba, kaɗo ta da hannu. Wadda ta mai da ruwan laim, wato Ca(OH)₂, fari kamar nono, CO₂ ce.

Duk wannan ba ya zama a kai sai hannu ya taɓa. Ku haɗu ku roƙi malam ya buɗe muku ɗakin gwaji, kowa ya riƙe famfon biyuret da kansa kafin ranar. Lokacin jarrabawar kuma damina ce, kun san gosulon hanyar Ikorodu in an yi ruwa. Ku fita da sassafe, biro da rula da kalkuleta suna jaka tun dare.