Sharhi: Noman Ciyawar Teku, Kafin Najeriya Ta Shigo Da Iri

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wataƙila wani zai yi mamakin jin sharhi a kan ciyawar teku daga nan Kaduna, inda ruwa mafi girma da yawancinmu muka sani shi ne kogin da ya raba gari biyu. Sai dai duk wanda ya goge haƙoransa da man goge baki yau da safe, ko ya saya wa yaransa askirim ko madarar kwalba mai kauri, to akwai yiwuwar ya riga ya taɓa wannan ciyawa bai sani ba, domin daga jikinta ake tatso wani sinadari mai suna karajinan wanda masana'antu ke sa wa kayansu don su yi kauri su kuma kama jiki. Daga wani nau'inta kuma ake samun agar, wato abin nan mai kama da daskararren koko da ma'aikatan ɗakin gwaji na asibitoci ke renon ƙwayoyin cuta a kai idan likita ya tura mara lafiya gwaji. Ban da wannan, tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku da arzikin cikinsa a watan Agustan 2023, maganar abin da za a iya nomawa a gaɓar tekunmu mai tsawon kilomita 853 ta zama maganar kowane ɗan ƙasa, har da mu da muke nesa da gaɓar.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa ana noma fiye da tan miliyan 35 na ɗanyar ciyawar teku a kowace shekara, kuma kusan dukkanta daga nahiyar Asiya take fitowa, inda ƙasar Sin kaɗai ke samar da fiye da rabi, sai Indonesiya, Koriya ta Kudu da Filifin. A shekarar 2023 Bankin Duniya ya fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa sababbin kasuwannin wannan ciyawa, irin su abincin dabbobi da sinadaran ƙarfafa shuka, za su iya kai dala biliyan 11.8 nan da shekarar 2030. Irin wannan lissafi ne ke sa masu zuba jari su fara ƙwanƙwasa ƙofofin ƙasashen da ke da teku.

Dole a ba wa abin haƙƙinsa, domin amfaninsa na gaskiya ne. Manomin masara a Soba ko Giwa ya san abin da yake kashewa kafin ya ga zangarniya: hayar gona, kuɗin huɗa, buhunan taki, maganin feshi, sannan ya zuba wa sama ido. Manomin ciyawar teku ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya sare daji don ya buɗe gona, ba ya taɓa ruwan sha, ba ya zuba taki. Igiya yake ɗaurewa a cikin ruwa, ya ƙulla 'yan rassa a jikinta, bayan kamar makonni shida ya dawo ya girbe. Abin da ciyawar ke ci ma shi ne abin da ya dami tekun. Takin zamani da ruwan sama ke wankewa daga gonakinmu yana gangarawa Kogin Galma, ya faɗa Kogin Kaduna, ya haɗu da Kogin Neja, daga nan sai Tekun Atlantika, kuma idan sinadaran taki suka yi yawa a bakin teku sukan haddasa gansakukar da ke ruɓewa ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ciyawar da aka noma tana zuƙe waɗannan sinadarai, idan aka girbe ta kuma an fitar da su daga ruwan ke nan. A mashigin Sanggou da ke lardin Shandong na ƙasar Sin an daɗe ana haɗa nomanta da kiwon kawa da sauran halittu masu ɓawo a wuri guda, ta yadda abin da wannan ya fitar yake zama abincin wancan.

Inda ya kamata mai sauraro ya yi hattara shi ne inda aka fara cewa wannan ciyawa za ta magance ɗumamar yanayi. Gaskiya ne tana shan iskar kabon yayin da take girma, kuma tana girma da sauri ƙwarai, har akwai nau'in da kan ƙara kusan rabin mita a yini guda. To amma bishiyar kuka ko maɗaci tana riƙe abin da ta sha a cikin gangar jikinta shekaru aru-aru, alhali ciyawar da aka girbe aka ci, ko aka ba dabba, ko aka yi man goge baki da ita, tana mayar da iskar cikin 'yan watanni. Wasu sun kawo shawarar a riƙa nomanta ana nutsar da ita can ƙarƙashin teku don iskar ta zauna a can, har kamfanoni suka fara sayar da takardun shaidar rage hayaƙi a kan haka, amma masana kimiyyar teku da dama sun yi gargaɗin cewa auna abin da ya nutse yana da wuya, kuma jibge ruɓaɓɓen abu a ƙasan teku na iya cutar da halittun da ke can. Ɗaya daga cikin kamfanonin Amurka da suka fi yin suna a wannan harka, Running Tide, ya rufe a shekarar 2024. A ganina, duk wanda ya zo wa gwamnatinmu da wannan ciniki, a nemi ya fara nuna mudun da zai auna da shi.

Akwai wani ɓangare da ya fi kusa da mu a Arewa, wato shanu. Saniya idan tana tuƙa tana fitar da iskar metan ta hanyar gyatsa, iskar da ta fi ta kabon ƙarfin riƙe zafi nesa ba kusa ba. Masu bincike a Ostireliya da kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka sun gano cewa idan aka gauraya 'yar kaɗan daga wata jar ciyawar teku mai suna asfaragofsis a cikin abincin shanu, iskar da suke fitarwa kan ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Sakamakon yana da ban sha'awa, amma shanun da aka yi gwajin da su a turke suke, kullum ana auna musu abinci, kuma da zarar an daina ba su sai gyatsar ta koma yadda take. Bafulatanin da ke kora garkensa daga Kachia zuwa kwarin Binuwai ba shi da kwamin da zai riƙa zuba wannan gari kowace safiya. Sannan sinadarin da ke yin aikin, buromofom, yana cikin waɗanda ake sa wa ido saboda lafiyar dabba da kuma abin da ka iya biyo nono. Masu kiwon turke da gidajen madara na zamani su ne za su iya cin moriyarsa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ce wurin da ya dace a fara gwada shi a kan bunaji da rahaji kafin a ce wa kowa ya saya.

Amma babban abin tsoro shi ne iri. Nau'in da ake tatsar karajinan daga gare shi 'yan ƙalilan ne, kuma ba daga ƙwaya ake shuka su ba, reshe ake yankowa daga uwa a dasa, kamar yadda muke yi da rogo ko rake. Wannan yana nufin gonakin ƙasashe da dama kusan jini ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya za ta iya kama duka, kuma duk reshen da igiyar ruwa ta tsinke zai iya kafa kansa a inda ya faɗa. A shekarun 1970 an kai irin wannan ciyawa mashigin Kanewohe da ke tsibirin Owahu na jihar Hawayi ta Amurka don gwaji. Gwajin ya ƙare, ciyawar ta zauna, ta lulluɓe duwatsun murjani, har sai da aka riƙa zuƙe ta da injin tsotsa ana kuma sakin wasu halittu masu ƙaya don su cinye ragowar. Haka ta faru a mashigin Mannar na kudancin Indiya, inda ta bar igiyoyin manoma ta hau murjanin wurin da aka keɓe don kare halittu. A ƙasar Sin kuwa, ana gab da gasar Olamfik ta 2008 wata koriyar ciyawa ta mamaye gaɓar birnin Cingdao inda za a yi tseren kwale-kwale, sai da aka fito da mutane fiye da dubu goma da jiragen ruwa sama da dubu suna kwasa. Binciken da aka yi daga baya ya danganta ta da gonakin ciyawar teku na lardin Jiangsu, inda manoma ke kankare ta daga jikin sanduna da igiyoyinsu suna zubarwa a ruwa.

Mu a Najeriya ba sai an ba mu labari ba. A shekarar 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani ɗan gajeren kwakwan fadama mai suna nifa daga Singafo zuwa Kalaba da niyyar hana zaizayar ƙasa, yau ga shi ya bazu a yankin Neja Delta yana korar itatuwan gargajiya na bakin teku waɗanda kifi ke hayayyafa a cikin saiwoyinsu. A shekarun 1980 wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo ta Badagiri, kuma har gobe tana toshe hanyoyin jiragen ruwa a Legas, ta kuma kai har Tafkin Kainji. Mukan ce kainuwa dashen Allah, amma wannan kam hannun mutum ne ya raba ta da gidanta. Tun daga 2011 kuma wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum, wadda ba wanda ya noma ta, take tasowa daga tsakiyar Atlantika tana jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma har da tamu, tana cika komar masunta, tana ruɓewa da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Darasin Zanzibar ma abin dubawa ne, domin can ne noman ya fi kafuwa a Afirka. An fara shi a matsayin kasuwanci a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mafi yawan manoman mata ne, waɗanda kuɗin mwani, kamar yadda suke kiranta da Suwahili, ya ba su damar biyan kuɗin makarantar 'ya'ya da gyara gidaje. Sai dai ruwan gaɓa ya yi ta ɗumama, nau'in da ya fi tsada ya riƙa kamuwa da wata cuta da ke sa rassansa su yi fari su karye, aka bar matan da nau'i mai araha. An ba su shawarar su matsa cikin ruwa mai zurfi da sanyi, alhali da yawansu ba su iya iyo ba kuma ba su da jirgi. Ga kuma ɓarnar da ba a cika faɗa ba: turakun da ake kafawa sau da yawa daga itatuwan bakin teku ake saro su, ana tattake ciyayin ƙasan ruwa inda ƙananan kifaye ke fakewa, tsofaffin igiyoyin roba da gorunan da ake ɗaurawa don su yi yawo a sama kuma a ruwan suke ƙarewa.

Akwai kuma tambayar da ta shafi cikinmu. Ciyawar da ke zuƙe taki ita ce kuma ke zuƙe ƙarafa masu guba irin su dalma, kadmiyam da asanik idan suna cikin ruwan, har hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a a 2004 da su guji cin wani nau'i mai suna hijiki saboda yawan asanik. Wasu nau'o'in kuma aidin ɗinsu ya yi yawa, kuma kamar yadda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo, yawansa ma yana rikita gaɓar wuyan da ke kumbura ta zama maƙoƙon. Wanda ya karanta rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan gurɓatar ƙasar Ogoni ya san cewa akwai ruwayen da ba za a noma abinci a cikinsu ba sai an yi shekaru ana wanke su.

Gaɓar Najeriya ba irin ta Zanzibar ba ce. Tamu laka ce da yashi, ruwanta gurɓatacce ne saboda abin da koguna ke kawowa, gishirinsa kuma yana raguwa a bakin Delta, alhali irin da ake yayi yana son ruwa garau mai cikakken gishiri. Saboda haka aikin farko yana kan cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, ta tantance nau'o'in da Allah ya riga ya ajiye a ruwanmu da wuraren da za su iya yi. Hukumar killace tsirrai da dabbobi ta tabbatar babu reshen da ya shigo ba tare da an tsare shi an bincika ba, a yi aiki da dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kafin a kafa turke ko ɗaya, NAFDAC kuma ta fitar da ma'aunin ƙarafa masu guba tun kafin kaya su iso kasuwa. Sannan a zauna da masuntan Ondo, Bayelsa da Akwa Ibom a ji ta bakinsu, tunda a wuraren da suke jefa koma ne za a shimfiɗa igiyoyin.