Ƙawanyar da ta ci mai ita: yadda yaƙin Bama ya juye a 1944

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce: idan an yi wa runduna ƙawanya ta ko'ina, ba shi ke nan an gama da ita ba? A Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1943, haka ne. Sojojin Jafan ba sa son karo gaba da gaba. Sai su ratsa daji da ƙafa, su ɓullo ta baya, su tare hanyar mota guda ɗaya da ke kawo abinci da harsashi. Sojojin Birtaniya da na Indiya da motocinsu sun dogara da wannan hanya, don haka da an datse ta sai su juya da baya a gigice, su bar kaya. Haka aka kore su daga Bama a 1942, haka kuma aka sake yi musu a yankin Arakan a 1943.

To ku dubi abin da ya faru a wani kwari a yankin Arakan. Sinzweya ke nan, Fabrairun 1944. Jafan sun sake irin wasan da suka saba, sun zagaye runduna ta 7 ta Indiya. Amma Janar William Slim, kwamandan babbar Runduna ta 14 ta Birtaniya, wadda runduna ta 7 ke ƙarƙashinta, ya riga ya ba da umarni: wanda aka zagaye ya tsaya inda yake, ya haƙa ramuka, abincinsa zai zo ta sama.

A nan mutane ke ruɗewa, don suna ɗauka jirgi ne kawai ya zo ya watso buhuna. Aikin ya fi haka. Da farko dole sararin sama ya zama naka, kuma zuwan jiragen yaƙin Birtaniya na Spitfire a ƙarshen 1943 ne ya ba da wannan. Sannan runduna ta aika buƙatarta ta oba-oba, ta share fili, ta shimfiɗa ƙyallaye ko ta tayar da hayaƙi don matuƙi ya gane wurin. Jirgin Dakota, wanda ke ɗaukar kusan tan 3, zai sauko ƙasa-ƙasa ya yi ta zagaye, ana turo kaya ta ƙofar gefe kaɗan-kaɗan. Harsashi da magani da laima ake sako su. Shinkafa da abincin alfadarai kuwa haka nan ake jefo su, buhu cikin buhu, don ko na ciki ya fashe na waje ya riƙe. Buhun da ya sauka a kan mutum, ba sai na ce komai ba. Laimar ma ta yi ƙaranci, har aka koma ɗinka ta da algarara a Indiya. Gajimare na rufe filin, iska na kai kaya hannun abokan gaba, amma abin da ya isa ya wadatar.

Yanzu a juya lissafin. Wanda ya ratso daji da ƙafa, guzurin da ke bayansa shi ke nan abin da yake da shi. Yana sa ran ya ci daga rumbun wanda ya zagaye. Idan wancan bai gudu ba, wa yunwa za ta fara kamawa? Bayan kimanin mako 3 a Sinzweya, Jafan ne suka janye.

Janar Mutaguchi na Jafan bai ɗauki darasi ba, kuma a ganina girman kai ne. A watan Maris ya tsallaka kogin Chindwin da mutum kusan 85,000, da guzurin kwana 20 ko makamancin haka, da garken shanu, ya nufi garuruwan Imphal da Kohima a Indiya. Slim ya kwaso runduna guda cur ta jirgin sama daga Arakan ya sauke a can. Damina ta kankama a Mayu, atuni da zazzaɓi suka shiga. Janar Sato na runduna ta 31 ta Jafan ya janye mutanensa daga Kohima ba da izini ba, don babu abin da za su ci. Ranar 22 ga Yuni aka buɗe hanyar Imphal da Jafan suka datse. Asarar Jafan ta haura 50,000 tsakanin matattu da masu rauni da marasa lafiya.

Namu ma suna cikin wannan yaƙin, da kaya a ka. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan ba tare da babbar hanya a bayanta ba, jirgi ke ciyar da ita, 'yan dako masu kaki ke kwashe kayan daga fili zuwa bakin daga, kuma Hausa ce yaren da sojojin Najeriya suka fi amfani da shi. Bataliyoyi 3 na Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, rundunar Birtaniya ta musamman da ke yaƙi can bayan layin Jafan. A Janairun 1945 runduna ta 81 da ta 82 suka kama garin Myohaung a Arakan. Daga can sunayen nan suka zo: barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas.