Jarumai Mata Uku a Labaran Amurka da Irin Ƙarfin da Kowace Take Nunawa

A shekarar 1941 ne wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, William Moulton Marston, ya ƙirƙiro Wonder Woman a mujallun labaran zane, ya kuma sa ta tashi a tsibirin da babu namiji ko ɗaya. Tarbiyyar nan ita ce jigon labarinta, domin ba ta taɓa jin an ce mata "wannan ba aikin mata ba ne" ba sai da ta girma ta shigo duniyar maza. Abin mamaki, da ta shiga ƙungiyar jaruman Justice Society, sakatariya aka naɗa ta. A 1972 mujallar Ms. ta 'yan fafutukar haƙƙin mata ta buga hotonta a bango, amma a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi mata naɗin jakadiya wanda bai wuce wata biyu ba, bayan ƙorafe-ƙorafe kan tsiraicin shigarta.

Captain Marvel ta fim ɗin 2019 kuwa cikin takura ta taso. Kullum malaminta yana ce mata ta danne zuciyarta, kuma a ƙarshe da ya nemi su gwabza ba tare da ta yi amfani da baiwarta ba, sai ta watsar da shi gefe, ta ƙi yarda a ce sai ya amince da ita za ta cika jaruma. Saƙon ya fito sarai, sai dai a ganina ƙarfinta ya yi yawa har mai kallo ya daina fargabar za ta faɗi.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar shekara 16 a Jersey City, wadda iyayenta 'yan Pakistan ne, aka fara buga mujallarta a 2014. Daren da ta samu baiwarta, rikiɗewa ta yi ta koma Baturiya mai farin gashi kamar gwanarta Carol Danvers, wato Captain Marvel, sannan ta gane siffar ba ta yi mata daɗi ba. Daga baya da rigar ninƙaya mai rufe jiki ta haɗa kayan yaƙinta, kuma ko ta gama ceton jama'a, dole ta dawo gida ta amsa tambayar mahaifiyarta game da inda ta kai dare.