Eyam, ƙauyen Ingila da ya kulle kansa saboda annoba

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau mun leƙa gundumar Derbyshire a Ingila, cikin tuddan Peak District, wani ƙauye da ake kira Eyam. A ƙidayar 2011 mutanensa 969 ne kacal. Gidajen duwatsu, doguwar hanya ɗaya ta ratsa gari, tumaki na kiwo a bayan katanga. Da ganinsa ba za ka ce ya taɓa shiga tashin hankali ba.

Ku dubi wannan jerin gidajen da ke kusa da coci. A nan ne, cikin 1665, aka kawo wa telan garin dilar yadi daga Landan, daidai lokacin da annoba ke cin mutanen birnin. Yadin ya zo da damshi, sai yaron shagon, George Viccars, ya shanya shi a bakin murhu. Ashe ƙuma ce cike a ciki, mai ɗauke da cutar. Kwanaki kaɗan ya ce ga garinku nan. Watan Satumba ke nan.

Da zafi ya shigo a 1666 abin ya ta'azzara, mutane suka fara haɗa kaya. Sai limamin cocin, William Mompesson, ya nemi taimakon Thomas Stanley, wanda aka tuɓe daga wannan kujerar a baya. Ba su jituwa a aƙida, amma jama'a sun fi jin maganar Stanley. Su biyun suka shawo kan gari: ba shiga, ba fita. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa. Ibada kuma a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Wanda ya san hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita, ba zai ji wannan baƙon abu ba.

To abinci fa? Ga dutsen iyaka nan, ku lura da ƴan ramukan da aka fafe a kansa. Mutanen Eyam kan zuba ruwan khal a ciki don kashe cutar, su jefa sulallansu, maƙwabta su ajiye kaya su kwashe kuɗin ba tare da an haɗu ba. Basaraken yankin da ke Chatsworth shi ma ya riƙa aiko da abinci, kuma ba don Allah kawai ba, zaman su a ciki kariya ce gare shi. Kada kuma a mai da labarin tatsuniya: wasu masu hali sun fice tun kafin a rufe, shi kansa Mompesson ya fitar da ƴaƴansa biyu. Matarsa Catherine ce ta ƙi tafiya, ta rasu a watan Agusta.

A watan nan ne Elizabeth Hancock ta binne mijinta da ƴaƴanta shida cikin kwana takwas. Kaburburan suna nan a wata gona bayan gari, an kewaye su da ƴar katanga. Kafin annobar ta lafa a Nuwamba, kimanin mutum 260 sun tafi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a yau shi ne ƙauyen bai zama kango ba. Waɗannan gidajen da aka liƙa wa alluna da sunayen mamata, akwai mutane a ciki, ga labule, ga furanni a ƙofa. Akwai makarantar firamare, ƙaramin asibiti, kanti da shagunan shan shayi. Mashayar garin sunanta Miners Arms, tunawa da masu haƙar dalma, sana'ar da ta riƙe Eyam ɗaruruwan shekaru kafin ta mutu. Babban gidan nan, Eyam Hall, zuri'ar Wright suka gina shi ƴan shekaru bayan annobar, gidan tarihin garin kuma an buɗe shi a 1994.

Yanzu baƙi ne kasuwar garin. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ana fita jerin gwano zuwa Cucklett Delf a yi addu'ar tunawa. Mai son zuwa ya hau bas daga Sheffield, amma ya duba jadawali tukuna, don motocin ƙauye ba sa zuwa akai-akai.