Fanareti 28 Cikin 34: Lacca Kan Kakar 1966 ta Kwalejin Texas Western

Assalamu alaikum. Na gode, malam mai gabatarwa, duk da ka ƙara mini muƙaman da ban san ina da su ba. Waɗanda ke tsaye a baya, akwai kujeru a nan gaba, ba na cizo.

Abubuwa huɗu na zo da su yau a kan kakar ƙwallon kwando ta 1965 zuwa 1966 a jami'o'in Amurka, musamman ƙungiyar wata ƙaramar kwaleji da ake kira Texas Western. Na farko garin da makarantar, na biyu kocin, na uku wasan ƙarshe, na huɗu abin da ya biyo baya. Ku riƙe lissafin, don ni ba lallai in riƙe ba.

To, garin. El Paso ke nan, can a ƙuryar yammacin jihar Texas, a bakin iyaka da Meziko. Kogi ne kawai tsakaninsa da birnin Juarez. Makarantar asalinta ta koyon haƙar ma'adinai ce, shi ya sa ake ce wa 'yan wasanta Miners, wato mahaƙa. Yau sunanta Jami'ar Texas da ke El Paso. Da yake gari ne na kan iyaka, an saba da cuɗanyar jinsi fiye da sauran garuruwan kudu, kuma tun 1955 kwalejin ta fara ɗaukar ɗalibai baƙaƙen fata, a lokacin da yawancin jami'o'in kudancin Amurka ko ƙofa ba su buɗe musu ba. Ku tuna dokar 'yancin jama'a, wadda ta haramta wariyar launin fata a Amurka, sai 1964 aka sa mata hannu, ta 'yancin zaɓe kuma 1965. Wato labarinmu yana faruwa ne tawadar dokar ba ta gama bushewa ba.

Kocin shi ne Don Haskins, farar fata ne ɗan Oklahoma. Kafin ya zo El Paso a 1961, a makarantun sakandare na ƙananan garuruwan Texas yake horarwa, har da ƙungiyar 'yan mata. Ana yi masa laƙabi da sunan wata dabbar dawa mai gurnani saboda yadda yake daka tsawa a wajen atisaye. Malaminsa shi ne Henry Iba, kuma darasin Iba ɗaya ne: tsare gidanka, riƙe ƙwallo, kada ka jefa sai ka tabbata. Ku ajiye wannan a aljihu, za mu dawo kansa, don shi ne ainihin abin da ya kawo ni.

Manyan 'yan wasa ba sa rububin zuwa El Paso. Wa zai bar birni ya tafi hamada? Saboda haka Haskins ya bi unguwannin da manyan makarantun kudu ba sa leƙawa. Ya samo Bobby Joe Hill daga yankin Detroit. Ya samo Orsten Artis da Harry Flournoy daga Gary ta jihar Indiana, garin masana'antar ƙarfe. Willie Worsley da Willie Cager da Nevil Shed daga New York. David Lattin, ƙaton cikinsu, daga Houston. Bakwai ke nan baƙaƙe. Sauran biyar kuma, huɗu farare, ɗaya ɗan asalin Meziko.

Kakar kanta zan bi ta da gudu. Sun yi ta cin wasa ba a ci su ba har wasan ƙarshe kafin gasar ƙasa, inda Jami'ar Seattle ta doke su 74 da 72. Shi ke nan rashin nasararsu a shekarar: sun ci 28, an ci su 1. A gasar ƙasa sun sha da ƙyar sau biyu. Cincinnati sai a ƙarin lokaci suka fitar da ita, 78 da 76. Kansas kuwa sai da aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, 81 da 80. A wannan wasan Jo Jo White na Kansas ya jefa ƙwallo daga nesa a ƙarshen ƙarin lokaci na farko, ta shiga, sai alƙalin wasa ya ce ƙafarsa ta taka layin gefen fili, aka soke ƙwallon. Da ba don wannan dugadugin ba, da yau kuna gida kuna hutawa, babu lacca. (Dariya.) Mutanen Kansas har gobe ba su yarda ya taka ba.

Yanzu wasan ƙarshe. Ranar 19 ga Maris, 1966, a zauren Cole Field House na Jami'ar Maryland. Abokan karawa Jami'ar Kentucky, ta ɗaya a jerin ƙasa, ƙarƙashin Adolph Rupp, dattijon da ya riga ya ci kofin ƙasa sau huɗu, 1948 da 1949 da 1951 da 1958. 'Yan wasansa duk farare ne. A cikinsu akwai Louie Dampier da Pat Riley. E, Pat Riley ɗin nan da matasan cikinku suka sani da Lakers da Miami Heat, mai gashin nan da aka shafe da mai. A lokacin saurayi ne yana gudu da gajeren wando.

Haskins ya fito da baƙaƙe biyar a farkon wasa: Hill, Artis, Worsley, Flournoy, Lattin. Ba a taɓa yin haka a wasan ƙarshe na ƙasa ba. Kada wani ya fita nan ya ce na ce su ne baƙaƙen farko da suka ci kofi. A'a. Bill Russell ya ci da Jami'ar San Francisco a 1955 da 1956. Loyola ta Chicago ta ci a 1963 da baƙaƙe huɗu cikin biyar na farko. Amma akwai wata magana da ake yi a wancan zamanin, wadda mutane masu ilimi suke faɗa ba kunya: wai baƙar fata yana da tsalle da gudu, amma ba shi da nutsuwa, idan wasa ya yi zafi zai rikice, don haka dole a bar aƙalla farar fata ɗaya a fili ya riƙa yi musu tunani. Ko da mutum ɗaya ne. Huɗu ana iya haƙuri, biyar kuwa ai sakaci ne.

To ga inda nake so ku saurara. Na kalli hoton wasan nan, baƙi da fari, sau da yawa har iyalina sun gaji da ni. Wanda ya zo neman wasan burgewa zai yi barci. A zamanin babu agogon da ke tilasta jifa cikin daƙiƙoƙi, babu jifan maki uku. Waɗannan sai shekarun 1980 suka shigo jami'o'i. Sai ka ga yaran El Paso suna miƙa wa juna ƙwallo, a miƙa, a dawo da ita, a sake miƙawa, kamar masu jiran wani baƙo. Kentucky ce mai gudu. 'Yan wasanta gajeru ne, mafi tsawo a biyar ɗin farko ƙafa shida da inci biyar, da sauri da saiti suke cin mutane. Shi ya sa ma Haskins ya ajiye Nevil Shed mai tsawo a benci, ya fara da Worsley, ɗan guntun da bai kai ƙafa shida ba, don a samu masu sauri su uku da za su iya bin su.

Yanzu ku fito da biro, lissafin 'yan firamare za mu yi. Kentucky ta zura ƙwallo 27 a cikin wasa, cikin jifa 70. Kowace maki biyu, 54 ke nan. Texas Western ta zura 22 kacal, cikin jifa 49. Maki 44. Wato a jifan cikin wasa, Kentucky tana gaba da maki goma. To yaya aka tashi 72 da 65? Fanareti. Ina nufin jifan nan da ake ba ɗan wasa idan an yi masa keta, ya tsaya a layi shi kaɗai, kowace maki ɗaya. Kentucky ta samu 13, ta ci 11. Texas Western ta samu 34, ta ci 28. Ku haɗa: 44 da 28, 72. 54 da 11, 65. Malama a can tana duba waya ko na yi kuskure. Ya fita daidai ko? Madalla.

Wanda bai taɓa tsayawa a layin nan ba ba zai gane abin da 28 cikin 34 yake nufi ba. Babu tsalle a wurin, babu gudu, ƙarfin ƙirji ba ya amfani. Kai ne da kwando da hayaniyar dubban mutane, numfashinka yana fita da ƙarfi, tafin hannunka ya jiƙe. Ka buga ƙwallon a ƙasa sau biyu ko uku, ka lanƙwasa gwiwa, ka sake ta daga yatsu. Abin da ake gwadawa a wurin shi ne ainihin abin da aka ce ba su da shi. Kuma me ya sa suka samu fanareti da yawa haka? Saboda suna gaba, sun riƙe ƙwallo, sun ƙi gaggawa. Wanda ke baya dole ya zo ya ƙwata, wajen ƙwata kuma sai ya yi keta. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji magabata, to waɗannan sun dafa shi a minti arba'in, sun sha romon a gaban Rupp.

Ni wannan ya fi burge ni fiye da zancen biyar ɗin. Da sun ci da tsalle-tsalle da wasan birgewa, da masu waccan maganar sun ce, ai mun faɗa muku, baiwa ce ta jiki. Sai ga shi sun ci da salon Henry Iba, salon da ya fi kowane tsauri da takura. Su kansu yaran ba son salon suke ba. Yaron da ya tashi a filayen unguwa na New York ko Detroit, ka ce masa kada ya yi wasa da ƙwallo, kamar ka ɗaure wa doki ƙafa ne. Amma sun bi.

Ba wai babu walƙiya sam ba. Tun farkon wasa Lattin ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando da ƙarfi a kan Pat Riley, don a san da wa ake yi. Sannan Bobby Joe Hill. Ana cikin rabin farko, maki kusa da kusa, ɗan Kentucky ya taho da ƙwallo tsakiyar fili, Hill ya zura hannu ya zare ta kamar mai zare gashi daga cikin man shanu, ya ruga ya saka. Aka sake tahowa, ya sake zarewa, ya sake sakawa. Sau biyu a jere. Daga nan Kentucky ba ta ƙara wucewa gaba ba. An tafi hutu 34 da 31. Hill ya gama da maki 20, Lattin 16, Artis 15. Riley da Dampier 19 kowanne. Amma ku lura, ƙwacen nan ma tsaron gida ne. Karatun ƙafar abokin gaba ne, ba sa'a ba.

Na biyu... a'a, na uku muke ko? An ce na huɗu. To na huɗu, kuma malam mai gabatarwa ya fara nuna mini agogo. Bayan kofin, Haskins ya sha wasiƙun zagi, buhu-buhu. Wasu farare na zaginsa don ya fito da baƙaƙe, wasu kuma na zarginsa da ci da gumin yaran. Shi dai abin da ya yi ta maimaitawa har ya rasu a 2008 shi ne, mafi iyawarsa ya saka, ba wa'azi ya je yi ba. A 1967 Perry Wallace ya zama baƙar fata na farko da ya buga ƙwallon kwando a rukunin jami'o'in da Kentucky take ciki, a Vanderbilt. A shekarar ce kuma aka haramta danna ƙwallo cikin kwando a jami'o'i, har zuwa 1976, dokar da akasari ake dangantawa da Lew Alcindor na UCLA, wanda ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Kentucky sai 1969 ta ɗauki baƙar fata na farko a ƙungiyarta, Tom Payne. A 1998 ta ci kofin ƙasa da koci baƙar fata, Tubby Smith. A 2007 aka shigar da ƙungiyar 1966 gaba ɗayanta zauren Naismith na girmama gwanayen ƙwallon kwando.

Akwai hannu a can. Bismillah, ƙanena, ɗaga murya.

(Wani ɗalibi ya tambaya: su biyar ɗin da ba baƙaƙe ba, me ya faru da su a daren?)

Allah ya yi maka albarka, wannan ita ce tambayar da na tsallake. Ba su buga ba. Ko minti ɗaya. Mutum bakwai Haskins ya yi amfani da su a wasan ƙarshe, biyar na farko da Cager da Shed, duka baƙaƙe, har bayan da Flournoy ya ji rauni a gwiwa tun da wuri ya fita. Jerry Armstrong, Louis Baudoin, Dick Myers, Togo Railey da David Palacio suna benci daga farko har ƙarshe. Kuma ka ga inda abin yake da ciwo: daren da ya gabata, a wasan kusa da na ƙarshe da Utah, akwai wani Jerry Chambers na Utah da ya addabi 'yan El Paso, ya ci maki 38, manyan 'yan wasansu suka yi ta tara laifi a kansa. Armstrong aka taso daga benci ya je ya manne masa, aka samu aka ci 85 da 78. Wato yana cikin waɗanda suka kai su wasan ƙarshe, kashegari kuma ya zauna yana tafi. Shi ya sa idan aka ce mini Haskins bai san abin da yake yi ba, mafi iyawa kawai ya saka, nakan ɗan yi shiru. Ban ce ƙarya yake ba, bakwai ɗin nan su ne suka fi buga wasa duk shekara. Amma mutumin da ke karɓar tsangwama a kan yaransa tun 1961 ya san wa ke zaune a ɗaya bencin, wato Rupp da ƙungiyarsa ta farare zalla.

An kira salla? To mu tsaya nan. Mai tambaya ta biyu, same ni a waje bayan an idar.