Awa Takwas a Kotor: Yadda Fasinjan Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido Zai Tsara Yininsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Sakkwato. Yau za mu sauka a wani ƙaramin tsohon gari na bakin teku mai suna Kotor, a ƙasar Montenegro, can gaɓar tekun Adriyatik, tsallaken Italiya. Irin garin nan ne da manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ke tsayawa da safe, su sauke fasinja, su kwashe su kafin magariba. Kwana dai a jirgi ake yi. Abin da mutum yake da shi a ƙasa bai cika wuce awa shida zuwa tara ba, kuma duk lissafin yinin daga ƙarshe ake faro shi, wato daga lokacin da jirgi zai ɗaga anga.

Amma kafin nan, akwai maganar takardu, domin a nan ne mai fasfon Najeriya ya fi yin tuntuɓe. Yawancin jiragen da ke biyowa ta Kotor daga Italiya ko Girka suke tasowa, ƙasashen da ke cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum dukkansu. Ita kuwa Montenegro ba ta cikin Shengen, ba ta ma cikin Tarayyar Turai. Ke nan ranar da jirginku ya shiga Kotor kun fita daga Shengen, ranar da ya koma Italiya, ko ya tsaya a Kuroshiya wadda ta shiga Shengen a 2023, kun sake shiga. Wanda aka ba bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye ta tun ranar da ya sauka a filin jirgin sama. Don haka bizar shiga sau da yawa ake nema, kuma a haɗa da takardar da ke nuna duk tashoshin da jirgi zai tsaya. Montenegro tana barin mai bizar Shengen da ba ta ƙare ba ya shiga na ɗan lokaci, amma ku sa kamfanin jirgin ya tabbatar muku da haka a rubuce, domin ma'aikacinsu ne zai tsaya a ƙofa ranar tashi, kuma idan ya ce a'a, kuɗin tikiti ya tafi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Sannan wanda zai taso daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku ya bi ta Abuja, ya yi ƙoƙari ya isa garin da jirgin ruwan zai tashi kwana guda kafin ranar. Jinkirin jirgin sama ɗaya ya isa ya wargaza tafiyar gaba ɗaya.

To, ga mu cikin jirgi. Daren da ya gabaci isowa za a turo takardar shirin gobe ɗakinku, ko ku gan ta a manhajar jirgin. Abu uku za ku cire daga ciki. Na farko, lokacin da kowa zai kasance ya dawo, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi. Na biyu, ko jirgin zai jingina da gaɓa ne ko zai jefa anga a tsakiyar ruwa. Na uku, suna da lambar wayar wakilin jirgin a tashar. Ku ɗauki hoton wannan shafi da waya, ku kuma rubuta lambar a takarda, saboda waya takan mutu.

Batun agogo ma ba abin wasa ba ne. A lokacin zafi, agogon Montenegro yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, a lokacin sanyi kuwa daidai suke. Girka tana gaban Montenegro da awa guda. Jirgin da ya kwana yana tahowa daga tsibirin Corfu na Girka zai sauya agogo cikin dare, ita kuma waya takan kama lokacin da ta ga dama, gwargwadon sabis ɗin da ta samu. Lokacin da jirgi ya sanar shi ne lokaci. Ku saita agogon hannu da shi kafin ku taka ƙasa.

Kada ku yi barcin safe ranar nan. Kotor yana can ƙuryar wani mashigin teku mai lanƙwasa, tsawonsa kusan kilomita 28, kuma jirgi yana tafiya a hankali tsakanin duwatsu masu tsayi. Bayan sallar asuba ku hau saman jirgi. Za ku ratsa matsatsin Verige, inda faɗin ruwan bai kai rabin kilomita ba, sai ku ga garin Perast da wasu ƙananan tsibirai guda biyu a gabansa. Ɗaya daga cikinsu mutane ne suka gina shi da hannu, suna zuba duwatsu da nutsar da tsofaffin jirage har ƙasa ta fito, kuma har yau duk ranar 22 ga Yuli mutanen Perast na fita da kwale-kwale su ƙara duwatsu. A ganinmu wannan shiga ta fi rabin abin da za ku gani a ƙasa, kuma ba a biyan ko sisi.

Tashar Kotor ƙarama ce. Idan jirginku ne ya samu gaɓa, kun huta: ku sauko, ku tsallaka titi, cikin minti biyar kuna ƙofar gari. Idan kuwa wani ya riga ku, ko jirgin ya yi girma, sai a jefa anga a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage masu inji, waɗanda galibi su ne jiragen ceto da kuke gani rataye a gefen babban. A nan lokaci ke zurarewa. Fasinja dubu biyu ko uku, kowane ƙaramin jirgi yana ɗaukar ɗari da wani abu. Akan raba tikiti mai lamba, kuma waɗanda suka sayi rangadi daga kamfanin jirgin su ake fara saukewa. Wanda ya tsaya shan shayi har tara yana iya jiran awa guda kafin a kira lambarsa. Ku aika mutum ɗaya ya karɓo wa iyali tikiti da zarar an fara rabawa. Wajen shiga ƙaramin jirgin, hannu biyu su zama babu kaya, jaka a baya, a tattare babbar riga ko abaya, a miƙa hannu ga matuƙan da ke bakin ƙofa, domin jirgin yana hawa da sauka da igiyar ruwa. Idan iska ta yi ƙarfi kyaftin na iya soke saukar baki ɗaya, kuma wannan hukuncinsa ne.

Katin ɗakinku shi ne shaidarku. Da shi ake ɗaukar fitarku, da shi ake ɗaukar dawowarku, ta haka jirgi ke sanin wanda ya rage a ƙasa. Fasfo kuwa, ku bi abin da aka sanar: wani lokaci jirgi ke riƙe shi, wani lokaci a ce ku fita da shi.

Mutumin Sakkwato ba baƙon ganuwa da ƙofofi ba ne, mai Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku. Kotor ƙofa uku gare shi, sai dai ganuwarsa ta dutse ce, tana nan a tsaye, tsawonta kusan kilomita huɗu da rabi, ta kewaye gari ta haye dutsen da ke bayansa. Ta Ƙofar Teku za ku shiga, wadda aka gina a 1555, zamanin da garin ke ƙarƙashin mulkin Venice, mulkin da ya ɗauka daga 1420 zuwa 1797. Ku ɗaga kai kafin ku shige: an sassaƙa ranar 21 ga Nuwamba 1944, ranar da aka 'yantar da garin a yaƙin duniya na biyu. Kuna shiga sai dandali da hasumiyar agogo ta 1602. Ƙofar arewa, ta bakin kogi, an gina ta a 1540 don tuna yadda garin ya tsaya wa rundunar ruwan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ƙarƙashin Hayreddin Barbarossa a 1539. Akwai babban cocin Tryphon na 1166, da ƙaramin cocin Luka na 1195, da gidan tarihin harkar teku. Girgizar ƙasa ta 1979 ta yi wa garin mummunar ɓarna, a shekarar ne kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, aka sake gyara shi. Mota ba ta shiga ciki. Lunguna ne matsattsu, da kyanwoyi ko'ina, har gidan tarihi aka yi musu. Awa ɗaya da rabi ta ishe ku zagaye shi, kuma ɓata a ciki ba abin tsoro ba ne: dutse na bayanka, teku na gabanka.

Babban zaɓin yinin shi ne hawan ganuwa zuwa sansanin da ke saman dutse. Matakala kusan 1,350 ce, tsayin ya haura mita 250. Mai ƙarfi ya ware minti 45 zuwa awa guda na hawa, da kusan haka na sauka, ga tsayuwar hutu da hoto, sai a ce awa biyu. Ana biyan kuɗin shiga, ku riƙe Yuro a hannu. Wani zai ce, mu da muka saba da ranar Afrilu a Sakkwato, wace rana ce za ta ba mu tsoro? Ba ranar kaɗai ba ce. Hawa ne babu inuwa, iskar teku mai laima tana hana gumi bushewa, matakalar kuma siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, gefenta tsakuwa ce mai zamewa. Da sassafe dutsen yana tare rana, hanya na cikin inuwa, don haka a fara da hawa, a bar yawon gari sai an sauko. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya. A sa kambas mai kama ƙasa. Silifas da takalmi mai santsin ƙasa su ne ke kai mutane asibitin jirgi, musamman wajen sauka, lokacin da gwiwa ta gaji. Idan an yi ruwan sama, duwatsun da ƙafa ta goge shekaru ɗaruruwa sukan yi santsi ƙwarai, har a cikin gari.

Dattawa da masu ciwon gwiwa ko hawan jini ba dole sai sun kai ƙarshe ba. Akwai wani ƙaramin coci na 1518 a kan hanya, kuma daga nan ma ana ganin jajayen rufin gari da jirginku a kan ruwa. Alhaji da Hajiya su tsaya nan, samari su ƙarasa.

Masu son zuwa Perast su yi hattara. Nisan bai kai kilomita 15 ba, amma hanya ɗaya ce ke bin gaɓar ruwa, kuma a watannin Yuli da Agusta takan cushe, tafiyar minti ashirin ta zama ta awa. Haka ma motar igiya, mai tafiya a rataye a sama, mai hawa dutsen Lovćen da aka buɗe a 2023, tasharta tana wajen gari, sai an shiga mota. Ku zaɓi ɗaya: ko ganuwa, ko Perast. Haɗa su biyu a yinin da aka sauke ku da ƙananan jirage neman rigima ne. Bambancin rangadin kamfani da na kanka shi ne, idan motar kamfani ta makara jirgi zai jira ta, idan tasin da ka ɗauka da kanka ta makara ba mai jiranka. Na kamfani ya fi tsada, wannan tabbacin ake saya.

Kuɗin ƙasar Yuro ne, duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ku zo da ƙananan takardu da tsaba, domin bas da ban-ɗaki da kasuwar da ke jikin ganuwa. Kada ku dogara da katin Naira kaɗai. Layin waya na Turai da kuka saya a Italiya, garaɓasar amfani da shi a ƙasashen Tarayyar ba ta shafi Montenegro ba, sai ku duba kafin ku kunna data. A cikin teku kuwa ku rufe sabis gaba ɗaya, saboda layin jirgi ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuma cajinsa ba kaɗan ba ne.

Abinci: abin alfaharin yankin wani busasshen nama ne da ake yankawa siriri, sunansa pršut, kuma naman alade ne. Yakan zo a faranti ɗaya da cuku da zaitun, har a kan fiza. Kifi gasasshe ya fi sauƙi, amma miyar ƙumba da jatan lande da suke kira buzara da giya ake dafa ta, ku tambaya kafin ku ce a kawo. Akwai masallatai can kudancin ƙasar, a garuruwan Bar da Ulcinj, amma suna nesa da inda za ku iya zuwa ku dawo cikin natsuwa. Ku fita da alwala da ƙaramar sallaya. A lokacin zafi rana na gushewa wajen ɗaya saura kwata, alƙibla kuma tana kudu maso gabas. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tafiyar ruwa yana da bayani a wajen malamai, ku tambayi malaminku tun kuna gida.

Yanzu lissafin komawa. A ce jirgi zai tashi biyar na yamma. Kowa ya kasance ciki huɗu da rabi, kuma ƙaramin jirgi na ƙarshe yana iya barin gaɓa kafin haka. Kada ku nufi na ƙarshe, ku nufi wanda ke gabansa da awa guda, wato uku da rabi kuna kan layi. Idan kuna Perast, biyu ta yi muku a hanya. Ku duba sunan jirginku a jikin alfarwar da ke bakin gaɓa, domin ranar da jirage biyu ko uku suka haɗu kowanne da layinsa. Za a saka jakunkuna a na'urar bincike, wuƙar ado da aka saya tsaraba za a karɓe ta, ɗanyen abinci ma ba kowane jirgi ke bari ba.

Idan kuwa abin ya faru, kun iso kun hango jirgi yana juya baya, kada ku bar tashar. Ku kira lambar wakilin nan da kuka rubuta. Yawanci ma'aikatan jirgi sukan ciro fasfon wanda aka bari su damƙa wa wakilin, shi zai nuna muku yadda za ku cim ma jirgin a tasha ta gaba. Filin jirgin saman Tivat yana kusa, birnin Dubrovnik na Kuroshiya kuma ana zuwa da mota ta kan iyakar Kuroshiya, inda za a sake duba bizarku ta Shengen. Otal, mota da tikiti duk daga aljihunku za su fito, don haka maganin da kuke sha kullum da katin banki su kasance a jakar da kuka sauka da ita, kada a bar su a ɗaki.