Yadda Famfo da Bawul Suka Rage Tsadar Cire Gishiri Daga Ruwan Teku

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji ko Umara, ya yi alwala da ruwan famfo a Makka ko a Jidda, to mai yiwuwa ne ruwan da ya zuba a hannunsa daga Bahar Maliya ya fito, domin tashoshin Shu'aiba da ke bakin wannan teku suna daga cikin masu shayar da waɗannan birane. Wasu tashoshin suna tafasa ruwan ne su tara tururinsa, wasu kuma suna matsa shi ya ratsa wani siririn tantani mai barin ruwa ya wuce ya tare gishiri, kuma a yau yawancin sababbin tashoshin duniya wannan hanya ta biyu suke bi. Ita ce dai hanyar da masu kamfanonin ruwan leda a garuruwanmu suka sani da sunan injin RO. Idan ana ba da tarihinta, tantanin ake yawan yabawa, amma a wannan shiri za mu duba famfo da bawul, da takardun mallakar ƙirƙira da aka yi musu rajista, saboda a ganina su ne suka sauko da kuɗin wannan ruwa har birane suka iya saye.

Sai an san nauyin aikin kafin a gane darajar dabarar. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Idan aka raba ruwan daɗi da ruwan gishiri da irin wannan tantani, ɗabi'ar ruwan daɗin ita ce ya tsallaka zuwa ɓangaren gishirin, kuma ƙarfin wannan tsotso a ruwan teku ya kai wajen ba 27 (ba, wato “bar” a Turance, ma'aunin matsi ne). Wanda yake son juya tafiyar, wato ya fitar da ruwan daɗi daga cikin na gishiri, dole ya danna da ƙarfin da ya zarce haka nesa, shi ya sa tashoshi ke aiki a tsakanin ba 55 zuwa 80. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da rabi ba. Ba 60 kuwa daidai yake da nauyin ruwan da aka tara a bututu mai tsayin mita 600 a tsaye.

Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ne suka samar da tantani na farko mai fitar da ruwa da yawan da zai yi amfani, wajen shekarar 1960, kuma a 1965 garin Coalinga na Kalifoniya ya fara shan ruwan da aka tace da shi. Daga baya John Cadotte ya samu takardar mallaka a 1981 kan wani tantani mai hawa-hawa, wanda irinsa ne ake amfani da shi har yanzu. To amma ko da tantani ya yi kyau, akwai wata ɓarna da ba shi da maganinta. Idan aka tura lita 100 na ruwan teku, abin da ke ratsawa ya zama ruwan sha bai fi lita 40 zuwa 50 ba. Sauran yana fitowa ta ɗaya bakin da ninkin gishiri, kuma yana fitowa ne da kusan dukkan matsin da aka kashe wuta aka ɗora masa. A injinan farko, wani bawul ake sa wa a bakin nan ya shaƙe hanyar don matsi ya tsaya a cikin tantani, ragowar ruwan ta fesu ta cikinsa ta koma teku. Ke nan fiye da rabin wutar da famfo ya ci tana bin magudana. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a shekarun 1970 tace lita dubu ɗaya, wato jarka 40 masu cin lita 25, yakan ci wuta har wajen yunit 20.

Maganin farko da injiniyoyi suka kawo aro ne daga wata tsohuwar ƙirƙira. Lester Pelton ya yi rajistar farfelarsa mai kofuna a Amurka a 1880, domin ma'adinan Kalifoniya su samu ƙarfi daga ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Shekaru ɗari bayan haka sai aka riƙa fesa ragowar ruwan gishirin a kan irin wannan farfela, ita kuma ta taya injin lantarki juya sandar famfo. An samu sauƙi ƙwarai, sai dai dabarar tana da zagaye: matsin ruwa ya koma juyi, juyin kuma ya sake komawa matsin ruwa a cikin famfo, kuma a kowace sauyawa sai an yi asarar wani kaso. Bugu da ƙari, babban famfon yana nan yana tura dukkan lita 100 ɗin.

Tambayar da ta buɗe sabuwar ƙofa ita ce, me zai hana ragowar ruwan ta danna sabon ruwa kai tsaye, ba tare da farfela a tsakani ba? A nan ne bawul ya zama zuciyar al'amarin. Wanda ya taɓa ganin an kwance famfon tuƙa-tuƙa ya san cewa abin da ke sa ruwa ya hau shi ne bawul biyu masu buɗewa ta gefe guda, ɗaya a gindin silinda, ɗaya a jikin fistin. Na'urar da ake kira DWEER ta ɗauki wannan tunani ta kai shi ga babban matsi. Dogayen bututu biyu ne, kowanne da fistin mai yawo a ciki. Yayin da ragowar ruwa mai matsi ke shiga bututu na farko tana tura fistin, shi kuma yana tura sabon ruwan teku zuwa tantani, bututu na biyu yana cika da sabon ruwa yana korar ragowar da ta riga ta sauke ƙarfinta. Da fistin ya kai ƙarshe sai su yi musayar aiki. Wahalar tana wajen musayar nan, domin rufe hanyar ruwa mai ba 60 farat ɗaya yana haifar da bugu mai girgiza bututu, jinkiri kaɗan kuma yana sa matsi ya faɗi a cikin tantani. Saboda haka aka ƙera wa na'urar bawul na musamman mai suna LinX, aka yi masa rajista, wanda ke buɗe wa bututu ɗaya hanya a daidai lokacin da yake rufe wa ɗayan, ta yadda kwararar ba ta yankewa. Da irin wannan na'ura babbar tashar Ashkelon ta Isra'ila ta fara aiki a 2005.

Ƙirƙirar da ta fi burge ni a wannan fage ta wani ɗan ƙasar Norwe ce, Leif Hauge, wanda ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba takarda mai lamba 4,887,942 a shekarar 1989. Shi ya cire fistin, ya kuma cire bawul mai buɗewa da rufewa, ya bar abu guda tak mai motsi. Wata 'yar ganga ce mai ramuka da suka ratsa ta daga kai zuwa gindi, kamar yadda ake gani idan an yanka kuɓewa a tsakiya. Gangar tana juyawa a cikin kube, tsakanin marufai biyu, kuma kowane marufi yana da ƙofofi biyu, ɗaya ta babban matsi, ɗaya ta ƙarami. Idan rami ya zo daidai ƙofofin ƙaramin matsi, sabon ruwan teku yana shiga ya cika shi, ya kori tsohuwar ragowa waje. Gangar na ci gaba da juyawa sai marufai su toshe ramin ta kai da gindi na ɗan lokaci, sannan ya iso ƙofofin babban matsi, inda ragowa mai ƙarfi da ta fito daga tantani za ta shigo ta baya ta danna sabon ruwan ya fita da kusan irin matsinta. Daga nan ramin ya sake toshewa, ya koma inda ya fara. Juyawar gangar ita ce buɗewa da rufewar bawul, kuma tana yin haka fiye da sau dubu a minti ɗaya.

Mai kallo zai iya tambaya, tunda babu fistin a tsakani, yaya ruwan biyu ba sa gaurayewa? Suna gaurayewa, amma kaɗan ne, domin haɗuwarsu a cikin siririn rami ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma akwai wani ɗan ruwa da ke kai da komo a tsakiyar ramin yana zama kamar shamaki. Abin da ke biyo baya shi ne gishirin ruwan da ke isa tantani yana ƙaruwa da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, kuma masu tsara tasha suna sa wannan a lissafi tun farko. Babu injin lantarki a jikin na'urar, kwararar ruwan ce ke juya gangar, kuma siririn ruwan da ke tsakaninta da kube shi ne man da ke hana su gogar juna. Kamfanin Energy Recovery, wanda aka kafa a 1992 don sayar da wannan ƙirƙira, ya koma yin gangar da tangaran na alumina, wato sinadarin da dutsen yakutu ya ƙunsa, saboda ruwan gishiri mai gudu yana cin ƙarfe, shi kuwa wannan tangaran ba ya tsatsa. Kamfanin yana cewa na'urar na miƙa har kashi 98 cikin ɗari na matsin da ta karɓa.

Ribar ta fi fitowa idan aka koma kan lita 100 ɗin nan. Yanzu babban famfo yana tura kimanin lita 40 ne kawai, daidai abin da zai zama ruwan sha, sauran 60 ɗin kuwa ragowa ce ke ɗora musu matsi, sai wani ƙaramin famfo ya cike 'yan ba ɗin da suka ɓace a hanya. Tashar Kwinana da ke shayar da birnin Perth na Ostireliya, wadda aka buɗe a 2006, tana daga cikin manyan tashoshin farko da suka dogara da wannan na'ura. Haɗuwar irin waɗannan na'urori da ingantaccen tantani da famfuna masu kyau ta sa a yau tasha ta zamani tana cin yunit 3 zuwa 4 a kan kowace lita dubu, har da wutar janyo ruwan da tace shi kafin ya isa tantani. Lissafin kimiyya ya nuna cewa ko da babu asara ko kaɗan, raba rabin ruwan teku da gishirinsa ba zai ci ƙasa da kimanin yunit 1 ba, don haka abin da ya rage a rage bai kai wanda aka riga aka rage ba.

Akwai kuma dabarar da ta dace da ƙananan injina, wadda Clark Permar ya yi wa rajista a Amurka a shekarun 1990, kamfanin Spectra kuma ya sa ta a injinan ruwa na jiragen ruwa masu amfani da batir. Fistin biyu ne a kan sanda guda, kowanne a silindarsa. Ƙaramin famfo yana tura ruwa a bayan fistin na farko, sandar ta tura na biyu, shi kuma ya matsa ruwan gabansa zuwa tantani, sannan ragowar ta dawo ta bayansa ta taya shi turawa. Hikimar tana cikin kaurin sandar. Tunda sandar ta cinye wani ɓangare na wurin da ragowar za ta dawo, ruwan da ya fita ya fi wanda zai samu wurin komawa, kuma wannan bambanci, kimanin kashi ɗaya cikin goma, ba shi da mafita sai ta cikin tantani. Matsi yana hawa da kansa har ya kai abin da tantanin ke bukata, ko ruwan ya yi sanyi ko gishirinsa ya ƙaru, ba tare da wani ya murɗa komai ba. Idan fistin ya kai ƙarshe, yana taɓa wani ɗan ƙaramin bawul wanda ke juya babban bawul, tafiyar ta koma ɗaya gefen.

Ita takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Hukuma tana hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba na wani wa'adi, wanda a yawancin ƙasashe shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda, shi kuma yana bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, da zane, yadda ma'abucin sana'ar zai iya bi. Dangantakarta da famfo tsohuwa ce, domin hukumar Benis, da ke Italiya ta yau, ta ba masanin kimiyya Galileo irin wannan kariya a 1594 kan injin ɗaga ruwa, Thomas Savery kuma ya samu tasa a Ingila a 1698 kan famfon tururi. Kariyar ba ta tsallake iyakar ƙasar da aka yi rajista, shi ya sa mai son ta a Nijeriya yake bin Dokar Rajistar Ƙirƙira da Zane ta 1970, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma ake bi ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Wa'adin takardar Hauge ta 1989 ya ƙare tuntuni, kuma yanzu wasu kamfanoni, kamar Danfoss na Denmak mai na'urar iSave, suna ƙera nasu masu musayar matsi ta hanyar juyi.

Wannan yana da amfani ga ɗalibanmu na injiniya da masu gyaran injin RO, musamman a yankunan da ruwan burtsatse ke da zartsi, domin duk waɗannan takardu ana karanta su kyauta a shafukan intanet na Google Patents ko Espacenet da zarar an rubuta lamba ko sunan mai ƙirƙira. Wanda ya buɗe ɗaya ya fara da zanen, sannan ya je jerin da'awowin da ke ƙarshe, saboda su ne ke iyakance abin da doka ta kare. Sai dai ya sani cewa ruwan burtsatse bai kai na teku gishiri ba, matsinsa ya fi sauƙi kuma ragowarsa ba ta da yawa, don haka ribar na'urar musayar matsi a can ba ta kai ta bakin teku ba, kuma sai an yi lissafi kafin a saya. Ya kuma sani cewa gangar Hauge tana bukatar injin da zai goge tangaran har tazararta da kube ta gaza kaurin gashin kai, abin da ƙananan ma'aikatu ba su da shi. Famfon Permar kuwa silinda ne da sanda da fistin da robobin toshe yoyo da 'yan bawul, kuma mai injin gyaran ƙarfe da ya ƙware zai gane kowane ɗayansu a zanen tun kallon farko.